Ƙasar Gindin Tuffa

Baba Shekari ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ranar da aka garƙama wa ƙofarta kwaɗo. Bayan nan ya taɓa sayar da siminti, ya taɓa kiwon kaji, ya taɓa kiwon tarwaɗa a tankin roba, kowanne kuma ya ƙare da labarin da ba ya son a tuna masa. Da ya kammala gininsa a Gonin Gora, aka kuma naɗa shi dattijo a coci, sai kowa ya ɗauka ya zauna ke nan. Ana nan sai ya tafi biki Jos, ya dawo rungume da buhu, a ciki dashen itace guda uku.

Matarsa Rebecca, wadda duk unguwa ke kira Mama Nas, ta leƙa buhun ta ɗago kai.

Ta ce, "Baban Wili, wannan kuma wace sabuwar jarabar ce?"

"Tuffa ce. Aful. Irin wadda yara ke bin motoci da ita a bakin titin Abuja."

"A zafin Kaduna?"

"Mai lambun ya ce wannan irin tana jure zafi. Ki zuba ido kawai. Wata rana daga bayan ɗakin nan za ki tsinka."

Biyu ya dasa a bayan gida. Ta ukun, wadda ta fi rama, mai lanƙwasasshen wuya, ya kai wa Malam Lawal a Makera. Tun suna samari suke tare a ɗakin rini na masaƙa, yanzu kuma Malam Lawal gyaran keken ɗinki yake yi a zauren gidansa. Abotarsu ta gardama ce. Sun yi gardama a kan ƙwallo, a kan siyasa, a kan wanda ya riga wani yin furfura. Saboda haka kyautar ba alheri ne zalla ba. Baba Shekari yana son a samu wanda zai dasa tare da shi, domin a samu wanda zai kayar.

Malam Lawal ya karɓa ya yi godiya. Ya tona rami a tsakar gida, tsakanin turken ragonsa da inda matarsa Asabe ke tara shara, ya cusa dashen ya tattake da ƙafa, ya koma kan aikinsa.

Shi kuwa Baba Shekari shinge ya yi wa nasa. Da safe kafin ya wanke baki sai ya je ya gaishe su. Suka kama, suka yi tsawo har suka kai masa kafaɗa. A damina ta uku, lokacin da ruwa ke wuni yana zuba, ya fito wata safiya ya ga baƙaƙen ɗigo a ganye. Kafin a jima ɗigon ya bazu, ganyen ya fara nannaɗewa yana zuba, wani farin abu kamar gari ya rufe kan tohon.

Nan Mama Nas ta shigo maganar. Ita ta yi aikin jinya tun tana budurwa har ta yi ritaya, kuma ba ta yarda ritayar ta shafi ƙwayoyin cuta ba. Gidanta ƙamshin asibiti yake yi. Baƙo ba ya zama sai ya wanke hannu, kwaɗon ƙofa ma yana samun rabonsa na sabulu. Ta sa tabarau, ta juya ganye ɗaya, ta juya na biyu.

Ta ce, "Infekshan ne, ƙwayoyin cuta sun kama su. Matsa ka ba ni wuri."

Daga ranar itatuwan suka zama majinyata. Kullum da safe sai ta dama bilic, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, a bokiti, ta bi ganyen da auduga tana gogewa. Ruwan da za a ba su sai an tafasa an bar shi ya huce. Ta ce asalin cutar daga ƙasa take, don haka ta sa mijin ya kwashe ƙasar gindinsu, ta zuba a tsohon kaskon suyar gyaɗa ta soya ta har tana hayaƙi, sannan aka mayar. Ta fasa ragowar kafso ta barbaɗa a kai. Inda bawon ya tsage ta wanke ta naɗe da bandeji. Maƙwabta suka riƙa leƙe ta kan katanga, wata har ta tambaya ko ana iya kawo gwandarta a duba.

Itatuwan dai kullum ƙara lalacewa suke. A haka Malam Lawal zai bugo waya, su gaisa, ya ce, "Yaya mutanen Jos?"

Baba Shekari zai juya wa itatuwan baya ya ce, "Ai sai ka gani. Yanzu haka a inuwarsu nake zaune."

"Madalla. Tawa dai tana nan, ban ma kula ta ba."

"Ai ita tuffa ba a yi mata haka. Sai da ilimi."

Ana cikin wannan hali autarsu Hadassah ta zo hutu daga Zariya, inda take digiri na biyu a kan cututtukan tsirrai. Ta ajiye jaka ta zagaya bayan gida neman iyayenta, ta tarar da uwar da safar hannu tana canza wa itace bandeji, uban yana riƙe mata almakashi. Ta tsaya tana kallo. Sai ta nemi bulo ta zauna, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Mama Nas ta ce, "In kin gama sai ki faɗa mana abin dariyar."

Hadassah ta share hawaye ta ce, "Yi haƙuri, Mama. Me da me kuka ba su?"

Aka lissafa mata. Da aka zo kan suyar ƙasa sai da ta sake rufe fuska. Sannan ta tashi ta duba ganyen, ta kankare bawon da farce, ta ɗebi ƙasar ta shinshina.

Ta ce, "Ciwon na gaske ne, fumfuna ce, kuma damina ce ke kawo ta. Ganyen da ya zube da kike sharewa kina ƙonawa, wannan daidai ne. Amma sauran, Mama, kin kori masu gadi ne kin bar ɓarawo."

"Waɗanne masu gadi?"

"Bakteriya. Kowace itaciya mai lafiya tana ɗauke da su, a ganye, a bawo, a saiwa, har cikin jikinta. Sun fi mutanen Kaduna yawa a ganye ɗaya. Idan fumfuna ta sauka, sai ta tarar sun cika wurin, sun cinye abin da za ta ci. Wasu suna fitar da wani ruwa da ke hana ta girma. Wasu kuma a saiwa suke, suna zuga itaciyar ta shirya kare kanta tun cutar ba ta iso ba."

Mama Nas ta cire tabarau. Ta ce, "Hadassah, bakteriya da Hausa me ake ce musu?"

"Ƙwayoyin cuta."

"To kin ji. Sunansu ma ya faɗi halinsu."

"Sunan ne bai yi musu adalci ba. Masu cutarwar kaɗan ne. Ke da kanki kin sha hana mutane shan kafso barkatai, kina cewa yana ɓata ciki."

"Wannan mutum ne. Na ƙasa kuma datti ne. Tun ba a haife ki ba nake kashe su, ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce shi na kirki ne ba."

Baba Shekari ya so ya sa baki, ya duba fuskar matarsa, ya fasa.

Da aka zauna cin tuwon rana, miyar kuka ce ta sha daddawa, irin yadda Mama Nas ke so. Hadassah ta bari sai da uwar ta yi nisa, sannan ta ce, "Mama, kin san me ke nuna daddawa?"

"Rufin da ake mata."

"Bakteriya ne. Su ke mayar da kalwa daddawa, su ke ba ta wannan ƙamshin. Kuma danginsu ne na kusa ake fesa wa tuffa a manyan gonaki don maganin fumfuna."

Hannun Mama Nas ya tsaya tsakanin kwano da baki. Ta mayar da lomar a hankali, ta tashi ta wanke hannu. Sai da aka yi kwanaki ana cin miya salam a gidan, har mai gidan ya kai ƙara wurin 'yarsa.

Kafin hutun ya ƙare Hadassah ta je Makera gaida Asabe, wadda ta goya ta tana jaririya lokacin da suke haya gida ɗaya. Ta dawo ta miƙa wa ubanta waya. A hoton ga wata itaciya kore shar, ta wuce katanga, rago kwance a gindinta yana tuƙa.

Baba Shekari ya kawo wayar kusa, ya kai ta nesa. Ya ce, "Wannan ai gwaiba ce."

"Baba, tuffar da ka ba Baba Lawal ce."

"Mai lanƙwasasshen wuyan?"

"Ita. Na duba ta, da ƙyar na ga ɗigo. Ƙasar gindinta baƙa ce, ganye da kashin rago sun ruɓe a ciki, har da tana. Ba zan rantse cewa wannan kaɗai ne dalili ba, can iska ta fi ratsawa. Amma da ni ce, zan daina bilic, in sare rassan da suka mutu, in zuba taki ruɓaɓɓe, in kuma roƙi Baba Lawal ƙasar gindin tasa in zuba a nan. Tunda tasa lafiya take, masu gadinta za su iya kama gida a wurinmu."

"In roƙi Lawal."

"Waya kawai za ka buga."

Ya ce to. Hadassah ta koma makaranta. Bilic dai an daina, bisa sharaɗin Mama Nas cewa in sun mutu kada a kira sunanta. An sare rassa. Saura wayar. Baba Shekari ya kan ɗauko ta ya nemo sunan Lawal, sai ya tuna inuwar da ya ce yana sha, ya mayar aljihu. Da ya ga itatuwan sun koma kamar sandunan shanya, sai ya yanke shawarar da yake ganin ta fi sauƙi. Wata Asabar ya sa babbar riga, ya jefa cokali da baƙar leda a aljihu, ya ce wa matarsa zai je zumunci.

Malam Lawal ya yi murna da ganinsa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a inuwar tuffar kuwa, Asabe ta kawo kunun zaƙi. Baba Shekari ya zauna ya ba itaciyar baya, bai ko ɗaga kai ba.

Malam Lawal ya ce, "Ba ka ce komai a kan 'yar taka ba."

Ya waiwaya kamar yanzu ya lura. "Af, ita ce wannan? Ba laifi. Ta yi ƙoƙari. Ganye ne dai ya yi mata yawa."

Suka taɓa hira har aka kira la'asar. Malam Lawal ya yi alwala ya ce, "Bari in je in dawo, kada ka motsa." Asabe kuma ta shiga ɗaki wurin baƙuwarta, wata maƙwabciya mai suna Fiddausi, wadda ta kawo ɗinki.

Baba Shekari ya saurara, ya ji gidan shiru. Ya fito da cokali da leda, ya tattare riga, ya tsuguna a gindin itaciyar. Ƙasar tana da laushi da sanyi, tana ƙamshin farkon damina. Ya riƙa ɗiba yana zubawa, ragon yana kallonsa. Da ledar ta yi rabi ya ƙulle bakinta, ya yunƙura zai tashi, sai gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa. Wani abu ya riƙe masa ƙugu kamar an sa fensa. Ya kama itaciyar, ta lanƙwaso ta zubo masa ganye a ka. Yana nan tsugune, cokali a hannun dama, leda a hagu, matan suka fito.

Asabe ta ce, "Baban Wili, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?"

Kafin ya amsa Fiddausi ta kama hannunta ta ja ta baya. Ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba. "Yaya Asabe, dubi inda yake tono. Nan fa Malam ya tsaya ya yi alwala. Sawunsa yake ɗiba."

Baba Shekari ya ga abin ya girma. Shi dattijon coci guda, a ce an kama shi yana ɗibar sawun mutum zai kai wa boka. Ya ga gara ya faɗi gaskiya, sai dai gaskiyar ta fito a gajarce.

Ya ce, "Ba sawu ba ne. Ƙwayoyi na zo ɗiba."

Fiddausi ta saki hannun Asabe. "Ƙwaya?"

"Suna nan cikin ƙasar, da yawa. Nawa ne suka ƙare, matata ta hallaka su. Na Lawal kuwa masu ƙarfi ne."

"A nan kuke binne ta?"

"Ba binnewa ake ba, da kansu suke yaɗuwa."

Fiddausi ba ta tsaya jin sauran ba. Ta bar ɗinkinta a ƙasa ta yi waje tana gyara mayafi. Asabe ta tsaya tana duban mutumin da ta sani tun tana amarya. Can ta ce, "To ka tashi mana."

"Da zan iya da na tashi."

Sanda aka idar da salla, labari ya riga Malam Lawal isa ƙofar gidansa, kuma ya rabu biyu a hanya. Wasu sun ji an kama wani mutumin Gonin Gora yana binne asiri. Wasu sun ji an gano rumbun ƙwaya a gidan mai gyaran keke, ragon ma don ɓad da sawu aka ɗaure shi a kai. Mutane sun taru a bakin zaure, matasa sun fara ɗaga murya. Malam Lawal ya san garin da yake zaune. Ya san irin ƙaramar maganar da kan zama babba kafin magariba, musamman in an ce wane daga wancan ɓangaren ya zo. Bai tsaya tambaya ba. Ya ratsa su ya shiga, ya tura ƙyaure ya sa sakata.

Ya tarar da abokinsa yadda aka bar shi, ganye a hula. Ya dubi cokalin, ya dubi ledar.

Ya ce, "Shekari, in yunwa kake ji ai da ka yi magana. Akwai tuwo."

"Ɗaga ni tukuna."

Ya kama shi ta hammata, Asabe ta turo turmi aka zaunar da shi. Nan Baba Shekari ya fayyace komai, yana kallon ƙasa: ɗigon, bilic, kaskon suya, bandeji, da abin da Hadassah ta ce. Malam Lawal yana ji yana cije leɓe.

Ya ce, "Dakata. Inuwar da kake sha fa?"

"Ta katanga ce."

Nan dariyar ta ƙwace masa. Ya dafa bango, ya zauna a kan tabarma, ya tashi, ya sake zama. Asabe ma ta juya baya tana yi a cikin mayafi. A waje aka fara buga ƙyaure.

Malam Lawal ya goge ido ya ce, "Kira mini 'yata." Aka kira Hadassah, aka gaya mata halin da ake ciki. Ta ce, "Baba, waya fa na ce ka buga."

Malam Lawal ya buɗe ƙofa, ya fito riƙe da hannun Baba Shekari, bai kuma saki ba. Ya ce wa jama'a, "Wannan ɗan'uwana ne. Tare muka ci tuwo a kwano ɗaya tun wasunku ba su zo duniya ba. Abin da ya ɗiba a gidana nasa ne. Ga 'yarmu a waya, malamar itatuwa ce, ku saurara." Ya ƙure muryar wayar ya ɗaga ta sama.

Hadassah ta yi bayani daga Zariya, a taƙaice: ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna zaune a ƙasa da jikin itace, suna tare wa itaciya cuta, irin waɗanda ke sa madara ta zama kindirmo. Aka zazzage ledar a gaban kowa. Wani dattijo ya tona da sandarsa, bai ga komai ba sai ƙasa da tana guda tana neman hanya.

Wani matashi daga baya ya ce, "To ita wannan ɗin, tana bugarwa?"

Malam Lawal ya ce, "Ɗebi ka gwada."

Aka yi dariya, taro ya fara watsewa. Fiddausi ta ce ita dama abin da ta ji ta faɗa, kuma Hausar Baban ce ba ta fita ba. Wasu kam ba su gamsu ba, sun tafi suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Malam Lawal ya raka abokinsa har Kasuwar Litinin, ya sa shi a mota, ya ce kada ya sake zuwa gidan mutane da cokali.

Bayan kwana biyu sai ga Keke Napep a ƙofar gidan Baba Shekari. Malam Lawal ne a gaba kusa da direba, baya kuma buhunan ƙasa da na ruɓaɓɓen takin rago. Mama Nas ta fito ta tarbe shi da fara'a, har ta ga kayan. Ta koma ciki ta fito da takunkumi a hanci.

Ta ce, "Malam, ta cikin falona za a wuce da wannan?"

"Maman Wili, baƙi na kawo miki. Ba a tarbar baƙo da rufaffen hanci."

"Baƙin da ba a gani ba na ba su masauki. A zagaya da su ta lungu."

Aka zagaya ta lungu. Tsofaffin biyu suka baje ƙasar a gindin itatuwan, suka bi da taki, suka rufe da busasshiyar ciyawa, suna gardamar wanda ya fi iya riƙon shebur. Mama Nas ta tsaya daga nesa tana kallon yadda ake zuba datti a wurin da ta soya da hannunta. Da suka gama ta ɗauko gawayi ta ja layi a siminti, daga bakin rijiya zuwa katanga. Ta ce daga nan zuwa can nasu ne, daga nan zuwa nan nata ne, duk wanda ya tsallako kuma ta san maganinsa. Sannan ta kawo ruwa da sabulu, ta tsaya a kansu sai da suka wanke har gwiwar hannu.

Ɗaya itaciyar ba ta tashi ba. Ta bushe ƙarmas kafin Kirsimeti, Baba Shekari ya tone ta da kansa. Ɗayar ta daɗe tsaye ba ganye, ba a san inda ta dosa ba. Sai gab da faɗuwar ruwa ta fito da toho jajaye a jikin reshe. Damina ta zo, ɗigon ya dawo, amma a 'yan ganyayen ƙasa ya tsaya, bai hau ba. Baba Shekari ya riƙa tsinke su yana ƙonawa kamar yadda aka koya masa.

Ya bugo wa Hadassah ya ce, "Masu gadin sun kama aiki."

Ta ce, "Wataƙila. Wataƙila kuma hutun bilic ne ya yi mata daɗi. Itaciya ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, Baba."

"Ke dai ba a taɓa samun e ko a'a a bakinki."

Mama Nas, da ke jin su, ta ce ita ta san jinyar da ta yi tun farko ce ta fara aiki a makare.

Hadassah ce ta koya masa ya tsige ganyen duka da rani, domin itaciyar ta ɗauka sanyin ƙasarta ta asali ne ya zo ya wuce. Ya yi hakan kuwa. Ta yi fure fari mai ratsin ja, yawanci ya zube, 'ya'ya uku suka tsaya. Ba su wuce ƙwan kaza ba, kore ne da ɗan ja a kumatu. Ta Malam Lawal kuwa ta kusa kai rufin ɗaki, amma ko fure ba ta taɓa yi ba, don ya ce shi ba zai tuɓe itaciya tsirara a gaban iyalinsa ba.

Ranar tsinka Baba Shekari ya gayyace shi. Aka fito da kujeru bayan gida, aka ɗora 'ya'yan a faranti.

Malam Lawal ya ce, "Kafin a yanka, a yi maganar rabo. Biyu nawa ne."

"Da wane dalili?"

"Ma'aikatana ne suka yi aikin. Daga gidana aka kwaso su, ragona ne ya ciyar da su."

"Itaciyar tawa ce, ruwan nawa ne. Kai da taka ko fure babu."

"Tawa ba ta gaggawa. Kuma ba a taɓa ɗaura mata bandeji ba."

Mama Nas ta raba gardamar da wuƙa. Ɗaya ta ajiye wa Hadassah, ɗaya ta naɗe a takarda ta ce na Asabe ne, ta ukun ta yanka uku. Baba Shekari ya yi addu'a, Malam Lawal ya yi bisimilla, kowa ya kai baki.

Aka fara taunawa. Idon Malam Lawal na hagu ya rufe da kansa. Jijiyar wuyan Baba Shekari ta miƙe. Mama Nas ta tauna sau ɗaya ta tsaya, tana kallon katanga.

Baba Shekari ya haɗiye da ƙyar ya ce, "Ka ji tuffa ta gaskiya. Ba irin ta kwali ba, mai zaƙi kamar rake."

Malam Lawal ya ce, "Ƙwarai. Tana da hali." Ya share ƙwalla. "Maman Wili, ko akwai ruwa kusa?"

Babu wanda ya bar nasa. Baba Shekari har tsakiyar ya cinye, ya tofar da 'ya'yan a tafin hannu ya adana. Malam Lawal ya sa rabon matarsa a aljihu ya tafi.

Washegari ya bugo waya. Ya ce Asabe tana gaisuwa, tana godiya ƙwarai. Ta ce ta gutsura sau ɗaya, sauran kuma ta jiƙa ta dama kunu da shi, ya yi kyau. In itaciyar ta ƙara haihuwa a riƙa tunawa da ita, ta huta da sayen tsamiya.